Mun biya kuɗi an taya mu zaɓen sunan shafin fim a Ikeja, ga yadda ta kaya

Wata kusan uku muka kwashe ni da ɗan kawuna muna ja-in-ja a kan suna. Suna kawai fa, ba kuɗi ba, ba rabon riba ba. So muke mu buɗe shafin intanet na harkar fim da talabijin, wanda mutum zai shiga ya ga wane fim ne ya fito a satin nan, ƙarfe nawa ake saka shiri kaza a Arewa24 ko Africa Magic Hausa, wace tashar YouTube ce take sakin wane fim mai dogon zango kuma wace rana, sai ɗan sharhi da hira da 'yan wasa in Allah ya bamu iko. Ba ɗora finafinan mutane zamu dinga yi babu izini ba, wannan tun farko munyi alƙawari bazamu taɓa ba don na san wahalar da furodusa yake sha kafin fim ya fito. Ni shekarata goma sha ɗaya ina riƙe da gidan kallo a nan Agege, kuma a gabana abin ya canza, yanzu in ba ƙwallo ake ba benci rabi ne yake cika, kowa fim ɗinsa yana cikin wayarsa, amma kullum sai an tambayeni, Malam wancan shirin yau ne ko gobe, an saki kashi na gaba kuwa. Daga wannan tambayar tunanin shafin ya fito.

To sunan ne ya gagara. Shi ɗan kawun nawa yana son abu mai Turanci wanda ya ƙare da flix, ni kuma ina son Hausa zalla, muka cika takarda biyu gaba da baya babu wanda ya kwanta mana mu duka. Wani yaro da yake gyara mana waya a Computer Village, kasuwar wayoyi ta Ikeja, shi yace akwai wani ɗan ofis a saman wani bene a bayan layinsu, aikinsu kenan, su nemo wa sana'a suna, su yi tambari, su kama adireshin intanet. Da farko nace ai wannan ɓarnar kuɗi ce, suna ma sai an saya? Amma ganin wata uku ya wuce ga wanda zai gina mana shafin yana ta kira yana cewa bazai iya fara komai ba sai da suna, sai muka shirya ranar wata Talata muka hau jirgin ƙasa na jan layi daga Agege, tasha ɗaya ce ka sauka Ikeja, ka huta da gosulon hanyar Oba Akran.

Bazan faɗi sunan ofishin ba saboda akwai inda zan yabe su akwai kuma inda zan yi ƙorafi, kuma ba tozarci nazo yi ba. Ɗaki ɗaya ne a hawa na uku, babu lifta, janareton maƙwabta yana ta ruri a ƙasan taga. Tebur biyu, laftof uku, farin allo a bango. Mai wajen Bayarabe ne amma a Sabon Garin Kano ya tashi, Hausarsa tas har da karin magana, sai wata yarinya da take aiki da shi, haifaffiyar Agege ce iyayenta mutanen Zariya, kuma gaskiya kashi mafi yawa na aikin da naji daɗinsa ita tayi shi. Sun ce naira dubu 85 ne, a ciki akwai zama biyu na neman suna, binciken ko wani ya riga ya kama, da tambari. Kuɗin adireshin intanet da na rijistar CAC, wato hukumar rijistar kamfanoni, daban. Mun ɗan taya suka tsaya a nan, muka tura rabi.

Abu na farko da ya burgeni, basu fara kawo mana suna ba. Kusan minti arba'in ogan yana tambaya ne kawai. Su waye zasu shiga shafin? Shekarunsu nawa? Da wace irin waya? A ina zasu fara jin sunan, a rubuce ko a baki? Wannan ta ƙarshen ita ta tsayar da ni, don gaskiya mutanenmu a baki suke jin abu, wani ne zai faɗa a majalisa ko a teburin mai shayi ko a saƙon murya na WhatsApp, ba a allon talla zasu gani ba. Yace to Alhaji tunda haka ne ba sunan da yafi kyau a takarda muke nema ba, wanda mutum zai ji sau ɗaya ya iya rubutawa daidai da babban yatsansa muke nema. Na ce masa ni ba Alhaji bane tukuna, yace in sha Allahu shafin ne zai kai ka.

Sai yarinyar ta karɓi takardunmu ta fara bi ɗaya bayan ɗaya tana rubutawa a allo yadda sunan zai fito a adireshi, wato duk a haɗe, babu tazara, babu babban baƙi, babu ƙugiya. A nan ne idona ya buɗe. Akwai sunan da nafi so a ciki, 'Yan Kallo. Tace Yaya duba, adireshin intanet baya karɓar wannan ɗan waƙafin na saman 'y, don haka zai koma yankallo, karanta da sauri kaji. Na karanta, yanka allo. Shikenan ya faɗi. Akwai Zauren Baƙi, da aka cire ƙugiyar ya zama zaurenbaki, baƙi sun koma baki. Ɗan Kallo ya zama dankallo, ɗan kawuna yana rubutawa a wayarsa wayar ta gyara masa zuwa dankali. Ɗakin Kallo shi da ɗan sauƙi, amma tace daki ba ƙugiya ai duka ne, kamar kace ya daki yaro, mai Hausa zai gane abinda ake nufi amma me zai sa ka fara da kalmar da dole sai an ɗan yi mata uzuri.

Wannan maganar ta ƙ da ɗ da ɓ, wallahi duk mai niyyar buɗe shafi da sunan Hausa ya riƙe ta da kyau. Ta yi mana bayani cewa a fasahance akwai hanyar da ake saka irin waɗannan baƙaƙen a wasu adireshi, amma wa zai rubuta? Yawancin mutanenmu ko a saƙon yau da kullum basa saka ƙugiya, wasu wayoyin ma babu ita sai ka sauke wani kibod. Don haka dokarta ta farko, in suna yana canza ma'ana idan aka cire masa ƙugiya to a ajiye shi gefe. Ta biyu kuma kalmomin da kowa yake rubutawa yadda ya ga dama. Fim, wani film zai rubuta, wani filim. Finafinai, wani da ɗan layi a tsakiya wani babu. Talabijin kuwa har kala uku ko huɗu, talabijin, telebijin, talbijin. Tace duk sunan da ya ƙunshi waɗannan to ka raba kwastomominka kashi-kashi tun basu iso ƙofa ba, wasu zasu faɗa shafin wani, wasu su ga babu komai su ce ai shafin ya mutu. Da wannan dokar kaɗai rabin takardarmu ya tafi, har da Taskar Finafinai da na daɗe ina riƙe da shi a raina.

Ɗan kawuna yaji daɗi yana ganin ai yanzu nasa na Turanci zasu ci. Ogan yace masa ɗan'uwa zauna tukuna. Yace Netflix tun 1997 suke, sunan kuma haɗi ne na net wato intanet da wata kalmar da Amurkawa ke kiran fim da ita a bakin titi, su a yarensu yana da ma'ana. A wajenmu kuma Northflix sun riga sun ɗauki wannan salon a harkar fim ɗin Hausa, duk wanda ya sake zuwa da wani abu flix to kamar ƙanin wani zai zama, mutane ma zasu ɗauka reshe ne. Haka wood. Yace kun san Kannywood ta girmi Nollywood a matsayin suna? A mujallar Tauraruwa ta Kano aka fara amfani da Kannywood a 1999, Nollywood kuwa sai 2002 ta fito a jaridar New York Times. Waɗannan sunaye sun zauna sun zama na kowa da kowa, in ka liƙa a sunan shafinka bazaka taɓa fitowa a Google ba don dubban shafuka da tashoshi suna amfani da su. Misalin da yafi so shi ne iROKOtv, wanda Jason Njoku ya kafa a nan Legas a 2011, bayan ya fara da wata tashar YouTube mai suna Nollywood Love. Yace kalli bambancin, Nollywood Love bayani ne kawai, iroko kuwa itace ne da kowa ya sani a Kudu, babba mai ƙarfi, babu kalmar fim a ciki ko ɗaya amma ya zauna a bakin mutane. Ku nemo min iroko ɗinku na Hausa.

Ni dai a nan na yarda cewa mutumin ya san aikinsa, don bai goyi bayan kowa a cikinmu ba, ya kayar da nawa ya kayar da na ɗan kawuna, kuma kowanne da hujja.

Zama na biyu bayan kwana huɗu, sun kawo sunaye bakwai, uku daga namu da suka tsira, huɗu nasu. Biyu daga nasun gaskiya basu yi ba ko kaɗan, ɗaya ma kalma ce da a Hausar Sakkwato take da wata ma'ana da bazata yi daɗin ji ba, ni na ja hankalinsu don abokan zamana da yawa mutanen can ne, kuma sun karɓa basu yi gardama ba. Wannan ma darasi ne, mai ba da shawara komai iyawarsa kar ka sakar masa komai, Hausa faɗi gareta, abinda yake daidai a Kano zai iya zama abin dariya a Katsina ko Maraɗi. Muka rage zuwa uku. Sha Kallo, Ƙofar Kallo, da wani da aka gina a kan kalmar majigi.

Sai gwajin da nake ganin shi kaɗai ya isa kuɗin da muka biya. Tace in ɗauki wayata in yi saƙon murya, in faɗi kowane suna sau ɗaya tak ba tare da na ja shi ko na rarrabe baƙaƙen ba, in tura wa mutum goma sha biyu mabambanta, in ce kowa ya rubuto min abinda yaji. Ta kuma ce kar in tura wa 'yan boko kaɗai. Na tura wa ƙanwata a Kaduna, da wani mai kayan gwari a Mile 12, da wani mai canji, da yara biyu masu zuwa gidan kallona, da wani dattijo a Idi-Araba da muke kira Baba, da mutum uku 'yan Nijar da muke zaune unguwa ɗaya, da sauransu. Muna zaune a ofishin amsa ta fara shigowa ɗaya bayan ɗaya tana rubutawa a allo.

Sha Kallo da nake ganin babu mai kuskure a kai, biyu daga cikin 'yan Nijar ɗin chakallo suka rubuto, da c da h, don su da rubutun Faransanci suka saba, abinda muke rubutawa sh su ch suke yi, u ɗinmu su ou ne. Ni ko a mafarki ban taɓa kawo wannan ba, alhali kullum tare muke, kuma kowa ya san yawan 'yan Nijar masu kallon fim ɗin Hausa, a Legas ɗin nan kaɗai ma ba kaɗan bane balle can gida. Ban da haka ogan yace akwai Kallo.ng da suke harkar haska finafinan Hausa, duk sunan da ya ƙare da kallo zai dinga karo da nasu, kuma ba daidai bane ka je ka raɓu da sunan da wasu suka sha wahala suka gina. Da haka Sha Kallo da Ƙofar Kallo suka tafi tare.

Na majigi kuwa abin mamaki ya bayar. Yaran nan biyu 'yan ƙasa da shekara ashirin da biyar basu san kalmar ba sam, ɗaya ya rubuto daidai sannan ya ƙara da cewa Malam meye majigi. Amma dai ya rubuta daidai, abinda ake nema kenan. Shi kuwa Baba na Idi-Araba bai rubuto ba, kira yayi, na saka a sifika kowa yana ji. Yace ɗana ina ka samo wannan kalmar, ya shiga bamu labarin yadda motar majigi take zuwa garinsu suna yara, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fadar hakimi bayan sallar isha, gari duk ya fito maza gefe mata gefe yara a gaba a kan ƙasa, a nuna yadda ake noman gyaɗa da auduga da tsaftar rijiya, wani yana fassara da lasifika. Yafi minti goma yana magana muryarsa har rawa take. Da ya kashe ofishin yayi tsit, ogan ya kalli ɗan kawuna yace ga irokonku nan.

Daga baya da na koma gida na ƙara bin tarihin kalmar. Asalinta daga sunan wata fitilar Turawa ce ta da mai haska hoto a bango, bakin Bahaushe ya mayar da ita majigi, kuma aka ci gaba da kiran motocin silima na gwamnati da ita. Wani abin da ya ƙara min son sunan, harkar tana da alaƙa da garin nan da muke zaune, don William Sellers wanda ya jagoranci sashen finafinan mulkin mallaka na Ingila da aka kafa a 1939, a Legas ya fara a matsayin jami'in lafiya yana amfani da fim wajen wayar da kai kan cututtuka. Kuma a Legas ɗin dai aka fara nuna fim a Najeriya, a Glover Hall a 1903. Kaga kenan Bahaushen Agege in ya sa wa shafinsa majigi bai yi nisa da gida ba ta ko'ina.

Ba wai sunan bashi da matsala ba. Ɗaya daga cikin 'yan Nijar madjigui ya rubuto. Yarinyar tace babu sunan da zai tsallake kowa da kowa, amma wannan ana maganinsa da kuɗi kaɗan, a sayi wancan rubutun ma a juya shi ya dinga kai mutum shafin gaskiya. Muka ƙara wa majigin wata gajeriyar kalma mai gaɓa biyu, wadda bazan faɗa yanzu ba sai takardunmu sun gama fitowa, don su da kansu sun gargaɗe mu akwai masu sana'ar kama sunan da suka ji ana shirin amfani da shi su zo su sayar maka da tsada. Duka sunan baƙi goma ne. Shi ma da dalili, tace adireshin intanet yana ɗaukar har baƙi 63 amma X, wato Twitter a da, baya wuce 15, TikTok 24, Instagram 30, don haka in kana so sunanka ya zama iri ɗaya a ko'ina to da ma'aunin X zaka yi awo. Nan take a gabanmu ta duba duk wuraren har da YouTube da Facebook, ta sa muka buɗe su da lambar wayata tun kafin mu tashi.

Akwai wani ɗan gwaji kuma da ogan yayi wanda ya bani dariya amma yana da ma'ana. Ya sa ɗan kawuna ya sauka ƙasa bakin titi cikin hayaniyar Computer Village, ga janareto ga masu kiran kwastoma ga masu tura kaya a baro, shi kuma ya leƙa ta taga ya ƙwala sunan sau ɗaya. Yace in suna bai kai kiran kwandastan danfo, bas ɗin hayar Legas, ba, irin yadda zakaji Oshodi Oshodi daga tsallaken titi ka gane, to bai isa ba. Ɗan kawuna ya ɗago hannu alamar yaji.

Kan wutsiyar adireshi ma sun bamu shawara mai kyau. Ɗan kawuna yana son .tv saboda yayi kama da talabijin, sai suka faɗa mana ashe wannan na wata ƙaramar ƙasar tsibiri ce a tekun Fasifik mai suna Tuvalu, haya suke bayarwa, kuma sabunta shi duk shekara yafi tsada ga shi da dala ake lissafi. Shi ma .com da dala ne, duk sanda naira ta faɗi kuɗinka ya tashi. Na gida kuwa, .ng da .com.ng, hukumar NiRA ce take kula da su kuma ofishinta yana nan Iponri ta wajen Surulere, da naira ake biya ta hannun dillalan da ta amince da su, .com.ng yafi araha sosai. Muka ɗauki .ng a matsayin babba saboda gajarta, muka haɗa da .com.ng don kar wani ya zauna a kai.

To yanzu ƙorafi, kuma ba ƙarami bane. Da aka zo sayen adireshin, ogan yace mu turo kuɗi zasu yi mana. Muka tura, washegari ya turo hoton sikirin cewa an kama. Sai da mai gina mana shafin ya nemi shiga ya saita abubuwa sannan muka gano da imel ɗin ofishinsu aka yi rijistar, sunan mai mallaka ma nasu ne ba namu ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Adireshi kamar fili ne, wanda sunansa yake takarda shi ne mai shi, gobe in mun saɓa ko ofishin ya rufe ko ma kawai suka manta basu sabunta ba, duk wahalar da muka sha ta tafi a banza. Na kira yace ai haka suke wa kowa don sauƙin kulawa, nace Oga ni ban yarda da wannan sauƙin ba, a mayar min da sunana. Bai ƙi ba, amma sai da na taka ƙafa sau biyu na hau benen nan kafin aka canza, na zauna a gabansa ya saka imel ɗina na canza kalmar sirri da hannuna. Banyi zaton da mugun nufi suka yi ba, amma abu ne da ya kamata su faɗa tun kafin su karɓi kuɗi, kuma na tabbata akwai kwastomominsu da yawa da basu ma san adireshinsu ba a hannunsu yake ba. Duk wanda zai je irin wannan waje, dan Allah ya zauna a yi rijistar a gabansa da imel ɗinsa da lambar wayarsa.

Na biyu tambari. An ce sati ɗaya, sai da ya kai sati uku. Da ya zo kuma raƙumi ne da dagin Arewa da wata bishiyar dabino, abinda duk wanda aka ce ya zana Arewa yake zanawa. Nace ina ruwan majigi da raƙumi? Bayan duk labarin da Baba ya bayar a gabanku, farin ƙyalle da hasken da yake fitowa daga bayan mota, wannan ai shi ne hoton. Ashe wani ne daban a waje suke ba wa zanen kuma babu wanda ya bashi labarin. Sun karɓi gyara ba tare da ƙarin kuɗi ba, na biyun da ya zo yayi kyau sosai, ɗan haske ne mai faɗaɗa ya sauka a kan farin murabba'i, ko an ƙanƙanta shi a hoton WhatsApp ana gane shi. Amma sati biyun da aka ɓata ya ja mana jinkiri da mai gina shafi. Risit ma sai da na tambaya sau biyu.

Na uku ba laifi bane sosai, rashin bayani ne. Ni na ɗauka in mun yi rijistar sunan kasuwanci a CAC shikenan babu mai taɓa sunan. Sai a zama na ƙarshe, shi ma don na tambaya ne, yarinyar tace a'a Yaya, CAC sunan kasuwanci kawai take rijista, in kana so ka hana wani amfani da sunan da tambarin a harkar fim to sai kayi rijistar alamar kasuwanci a ofishinta da yake ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci a Abuja, harkar nishaɗi tana rukuni na 41, watsa shirye-shirye kuma rukuni na 38, kuma ta farko shekara 7 take yi sannan a dinga sabuntawa duk shekara 14. Su basa yin wannan, lauya ko wakili ake nema. Bayanin yayi, amma da a ranar farko aka faɗa da mun san yadda zamu tsara kuɗinmu, don yanzu sai da muka ɗage sayen kyamarar da muka yi niyya.

In aka ce in basu maki cikin goma, neman suna da gwaji tara zan basu, kuma yarinyar nan ita kaɗai ta cancanci goma, tana da haƙuri, tana sauraro, bata taɓa nuna mana mun yi ƙauyanci ba ko da muka kawo sunan da bai yi ba. Tambari shida saboda jinkiri. Maganar adireshi kuwa uku, shi ma don sun gyara ne. Zan iya tura wani wajensu? Eh zan tura, musamman mai son sunan Hausa, don samun wanda ya san intanet kuma ya san bambancin baki da baƙi a Ikeja ba abu ne mai sauƙi ba. Amma zan ce masa ya tafi da jerin sunayensa, ya tafi da lambobin mutanen da zai gwada a kansu har da dattawa da 'yan Nijar da mata, ya nemi a rubuta masa abinda kuɗinsa ya ƙunsa da ranar da za'a bashi kowane abu, kar kuma ya biya cikon kuɗi sai tambari ya shigo hannunsa.

CAC sun riƙe mana sunan na kwana 60, mun riga mun tura sauran takardu, lauyan kuma yace ranar Litinin zai shigar da na Abuja. Jiya da daddare bayan an tashi daga ƙwallo na tsayar da yaran gidan kallo na tambaye su ko akwai mai tuna sunan da na faɗa musu sau ɗaya sati uku da suka wuce, mutum biyar suka faɗa a tare, har da wanda ya tambayeni meye majigi. Ranar Juma'a in Allah ya kaimu zan je Idi-Araba da waya mai kyau in ɗauki Baba yana ba da labarin motar nan daga farko, shi muke so ya zama abu na farko da za'a gani ranar da muka buɗe.